Masu Cewa Tiyori Ɓata Lokaci Ne, Ku Zo Mu Yi Ta

Makon nan alƙalami ya faɗo hannunmu, kuma tun daga farko muna neman afuwar duk wanda maganar za ta taka wa ƙafa, domin yau ba rarrashi muka zo yi ba.

Ga abin da ya tayar da zancen. Muna da ƙane, shi ne na farko a gidanmu na Gangara da ya taka jami'a, yana aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta. Kowa ya san yadda ake tura yaro jami'a daga yankinmu a wannan zamani: a sayar da gero, a sayar da tunkiya, a ci bashi, sannan ya hau hanyar Sabon Birni rai a hannun Allah. Da ya zo hutu muka karɓi sakamakonsa, sai muka ga ya faɗi kwas ɗaya, wanda ake kira ƙa'idar lissafin na'ura, ɗalibai kuma suna ce masa otomata a taƙaice. Faɗuwar ba ta dame mu ba, kowa na faɗuwa. Abin da ya dame mu shi ne ko a jikinsa. Ya ce ai kwas ɗin tiyori ne zalla, zane-zanen da'ira da kibiya, babu kamfanin da zai ɗauke ka aiki saboda shi, yanzu zamanin sikil ne, kuma duk abokansa haka suke gani. Baffanmu na gefe a kan tabarma yana jin mu, sai ya ce: “To wanga karatu da yaf faɗi, shina da wani amfani, ko ko asarar gero mukai?” Ranar kame-kame muka yi, ba mu ba shi amsar kirki ba. Wannan rubutu shi ne amsar, ga baffa, ga ƙanen namu, da kuma masu hura wa yara wannan iska a TikTok da Facebook.

Kafin wani ya ce masu digiri ne ke kare kwalinsu, bari mu faɗi ko mu su wane ne. Ba mu da digiri. Difloma muka yi a kwalejin kimiyya da fasaha, wato mu ne 'ya'yan firaktikal na asali. Mun iya ɗora Windows, mun iya zana katin biki, mun iya cike wa yara fom ɗin JAMB, kuma da waɗannan muke cin tuwo, ba mu raina su ba. Amma cikin abin da aka koya mana akwai Visual Basic 6, wanda kamfanin Microsoft ya daina kula da kayan aikinsa tun 2008, lokacin muna firamare. Yayyenmu da suka kashe kuɗi suka ƙware a Flash, ranar 31 ga Disamba 2020 Adobe ya rufe shi, sana'ar ta bi ruwa. Wanda ya gwanance a manhajar BlackBerry da Nokia mai Symbian, yau ina kasuwarsa? Sikil kamar tumatir yake, yana da daɗi, yana da kasuwa, amma ba ya ajiyuwa. Mu da tumatir ya ruɓe a hannunmu, mu ne muka fi cancanta mu gaya wa ƙannenmu su haɗa da hatsin da ake zubawa a rumbu.

Mafi yawan masu zagin wannan kwas, in ka tsare su ba za su iya faɗa maka abin da ke cikinsa ba. To ga shi a taƙaice. Tambaya uku yake amsawa. Me na'ura za ta iya lissafawa? Me ba za ta taɓa iyawa ba, komai ƙarfinta? Sannan abin da za ta iya, lokaci nawa da ma'aji nawa zai ci? Ka ce ka karanta kimiyyar kwamfuta amma ba ka san amsar waɗannan ba, kamar direban da ya iya murza sitiyari ne bai san motarsa nauyin buhu nawa take ɗauka ba.

Matakin farko shi ne da'ira da kibiyar nan da ƙanenmu ya raina. Kowace da'ira hali ce da na'ura ke ciki, kowace kibiya kuma abin da ke fitar da ita daga wannan hali zuwa wancan. Na'urar cirar kuɗi haka take: tana jiran kati, ka saka kati ta koma jiran lambar sirri, ka yi kuskure sau uku ta shiga halin kulle ka. Lambobin nan da muke dannawa da tauraro da shinge mu tura kuɗi a ƙaramar waya, haka aka gina su. Kai, harshenmu ma haka yake, kuma marubutan da ke zauren nan shaidu ne. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Gan-ga-ra. Sa-bon Bir-ni. Ko Isa da ake ganin da wasali ya fara, da alhamza ya fara a baki. Da da'ira huɗu ko biyar a kan yashi za ka zana na'urar da za ta karɓi kowace kalma mai bin wannan tsari, ta ƙi wadda ta saɓa. Wannan na'urar ce a bakin kakanninmu, shi ya sa kalmar Turanci mai baƙaƙe biyu a jere a farko in ta shigo sai an cusa mata wasali: burodi, firamare, tirela. Duk mai son ya ƙera manhajar da za ta raba gaɓoɓin Hausa, ko ta auna karin rubutacciyar waƙa ta gaya maka inda baiti ya karye, daga nan zai fara.

Mataki na biyu yana nuna inda wannan ƙaramar na'ura ta gaza. Ba za ta iya tabbatar da cewa duk baka da aka buɗe a rubutu an rufe shi ba in bakan sun yi ta shiga cikin juna, domin da'irorinta ƙididdigaggu ne, ƙidayar kuwa ba ta da iyaka. Hujjar da ake kafawa a kan haka ita ce dodon ɗalibai, wadda suke kira famfin lema, alhali ba ruwanta da famfo balle lemar ruwan sama. Tushenta abu ne da kowane mai kiwon tantabara ya sani: in tantabaru sun fi ramukan ɗaki yawa, dole biyu su haɗu a rami ɗaya. Maganin gazawar shi ne a ƙara wa na'urar ma'aji irin jeren kwanukan ɗakin amarya, wanda aka ɗora ƙarshe shi ake fara ɗauka. Noam Chomsky, masanin harshe ne ba injiniya ba, shi ya jera waɗannan matakai na nahawu a 1956. Yau duk yaren kodin da ka sani, Python ne ko Java, akwai nahawu irin wannan a ƙarƙashinsa, kuma saƙon kuskuren da ke tsayar da kai in ka manta rufe baka daga can yake fitowa. Mai sikil yana ganin saƙon ya gyara. Mai ƙa'ida shi ya rubuta abin da ke turo saƙon.

Ga wanda ke cewa wannan ba ya taɓa aljihun kowa, ga labari. Ranar 2 ga Yuli 2019 kamfanin Cloudflare, wanda shafukan intanet masu ɗimbin yawa ke bi ta cikinsa, ya durƙushe na minti 27 a duniya baki ɗaya. Ba hari aka kai masa ba. Layi ɗaya ne na tsarin neman kalmomi a cikin rubutu, irin wanda ake koyarwa a makonnin farko na kwas ɗin otomata, aka rubuta shi ta yadda na'ura za ta yi ta komawa baya tana sake gwadawa har ta cinye ƙarfinta duka. Da suka zauna neman magani, sai suka ce za su koma ga injin bincike da aka gina a kan ƙa'idar otomata, dabarar da Ken Thompson ya wallafa tun 1968. Ƙwararru ne suka yi kuskuren, masu sikil ɗin da ya fi na duk masu yi mana bidiyo. Tiyori ne ya fitar da su.

Mataki na uku shi ne na Alan Turing, Baturen Ingila. A 1936, bai kai shekara 25 ba, ya siffanta wata na'ura a takarda: dogon zare mai gida-gida marar ƙarshe, da kai guda da ke karanta gida ɗaya, ya goge, ya rubuta, ya matsa dama ko hagu bisa 'yan dokoki. Ka ɗauka allon makaranta ne da ba ya cika, ana rubutu ana wankewa. Lokacin babu kwamfutar lantarki ko ɗaya a duniya, ENIAC ta Amurka sai 1946 aka nuna ta ga jama'a. Amma duk abin da wayar hannunka ko babbar kwamfutar Google za ta lissafa, wannan allon na Turing zai lissafa shi, sai dai a hankali. Wato ƙa'ida ce ta riga na'ura zuwa da kusan shekara goma. Wanda ya ce tiyori bayan firaktikal yake bi, ya karanta tarihi a juye. Kuma wannan mai zane a takarda shi ne ya shiga sahun gaba wajen karya rubutun sirrin sojojin Jamus a yaƙin duniya na biyu.

A wannan rubutu na 1936 Turing ya tabbatar da cewa akwai abin da na'ura ba za ta taɓa iyawa ba. Hujjar, kamar yadda ake koyar da ita yau, ba ta fi ƙarfin kowa a zauren nan ba. A ce wani ya zo ya ce ya ƙera manhaja, mu kira ta Mai-duba, wadda in ka ba ta kowace irin manhaja za ta gaya maka ko za ta gama aikinta ta tsaya, ko za ta yi ta juyawa har abada. Sai mu ƙera wata, mu kira ta 'Yar-gardama. Aikinta ɗaya ne, ta je wurin Mai-duba ta ce, ni me zan yi? In Mai-duba ta ce za ki tsaya, sai ta ƙi tsayawa. In ta ce ba za ki tsaya ba, sai ta tsaya nan take. Ko ta ina Mai-duba ta ɓullo ta yi ƙarya. Ke nan babu ita, kuma ba za a taɓa samunta ba, ko da kwamfutar gobe ta ninka ta yau sauri sau miliyan. Daga nan aka san cewa babu manhajar da za ta kama kowane kuskure a kowane kodin, babu kuma rigakafin da zai gane kowace cutar kwamfuta ba tare da kuskure ba.

Wannan darasi mu 'yan Arewa muna bukatarsa fiye da kowa, domin mun ɗauki waya tamkar boka. A 2024 samarinmu nawa suka kwana suna dangwalar fuskar waya a Hamster Kombat suna jiran arziki? A watan Afrilun 2025 dandalin CBEX ya rufe da kuɗin mutane, bayan ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda da sunan wai ƙirƙirarriyar basira ce ke yin cinikin. Ba mu ce hujjar Turing ta ambaci CBEX ba. Abin da muke cewa shi ne, yaron da ya shafe zangon karatu guda ana tilasta masa ya kawo hujja a kan kowace da'awa, yana ganin da idonsa cewa na'ura na da iyaka, da wuya a ce masa “kwamfuta ce ke yi” ya miƙa kuɗin sadakinsa. Ƙauyen da ke da irin wannan yaro guda ɗaya ya samu mai tsawatarwa.

Saura tambaya ta uku, ta lokaci. A ce motar allurar rigakafi ko ta kayan tallafi za ta tashi daga Sabon Birni ta zaga garuruwa, Gatawa, Tsamaye, Kurawa, Unguwar Lalle, Gangara da sauransu, ana son hanyar da ta fi gajarta saboda mai da kuma tsaro. In garuruwan 10 ne, hanyoyin jera su 3,628,800 ne, kwamfuta za ta gwada su duka kafin ka ƙifta ido. In sun kai 20, adadin ya zama 2,432,902,008,176,640,000. Kwamfutar da ke gwada biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta yi shekara 77 tana yi. In sun kai 25, sai ta yi kusan shekara miliyan 490. Mai sikil zalla zai rubuta kodin ɗinsa, ya gwada da gari biyar ya ga ya yi kyau, ya karɓi kuɗin kwangila, ranar da aka zuba masa gari talatin ya ce kwamfutar ce ba ta da ƙarfi, a sayo sabuwa. Wanda ya karanta ƙa'ida tun kafin ya taɓa madannai ya san irin matsalar da ke gabansa, ya san sayen sabuwar kwamfuta ba zai yi magani ba, sai ya nemi dabarar da ke rage gwaji, ko wadda ke ba da hanya mai kyau ƙwarai ko da ba ita ce mafi gajarta ba.

A nan ne babbar tambayar fannin take, wadda ake yi wa laƙabi da P da NP: duk abin da ke da sauƙin dubawa in an kawo maka amsarsa, shin yana da sauƙin nemowa? Stephen Cook ya tsara ta a 1971, Richard Karp ya nuna a 1972 cewa matsaloli 21 sanannu duk jirgi ɗaya ya kwaso su. A shekarar 2000 Cibiyar Clay ta Amurka ta sa dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware ta, har yau kuɗin na nan. Kada ka ce wannan wasan masana ne. Ninka 61 da 53 abu ne mai sauƙi, 3233. Amma a ba ka 3233 a ce nemo lambobi biyun da aka ninka, sai ka yi gumi, to ina ga lamba mai ɗaruruwan alƙaluma? A kan wannan bambanci aka gina makullin RSA na 1977, ɗaya daga cikin makullan da ke tsare bayanan banki da na intanet. Mai POS na bakin tasha yana cin abinci a ƙarƙashin inuwar tiyori bai sani ba.

Wasu kuma cewa suke wannan tunanin Turawa ne, mu a bar mu da abin da za mu taɓa da hannu. Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona mana rai. Kalmar algoridim kanta daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ta fito, malamin Bagadaza na zamanin Halifa Ma'amun, kuma babban kaso na littafinsa na aljabara a kan lissafin wasiyya da gado yake. Malamin zauren da ke raba gado a garinmu, ya tantance magada, ya fitar da asalin mas'ala, ya duba ko akwai auli, ya ba kowa rabonsa, matakai yake bi ɗaya bayan ɗaya waɗanda ba sa sauyawa ko gadon wane ne. Algoridim ke nan, ba wuta ba caji. A 1732 Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashnawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta hanyoyin cike gidajen murabba'i da lambobi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Ƙasar da almajiranta suka yi ƙarnuka suna karatun nahawu da aruli da mandiƙi a kan buzu, yau ita ake gaya wa 'ya'yanta cewa tunani mai zurfi ba nasu ba ne, su tsaya a gyaran firinta?

Yanzu mu dawo gida. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Mun ga yadda mutane suka riƙa nausawa wajen iyaka neman sabis ɗin Nijar don su ji muryar 'yan uwansu. A lokacin duk wani mai koyon sikil ta YouTube a yankinmu karatunsa ya tsaya cak. A 2022 kuma yajin aikin ASUU ya zaunar da ɗalibai wata takwas a gida, nesa da ɗakin kwamfutar makaranta. To a duk fannin kwamfuta, wane sashe ne ba ya bukatar sabis, ba ya bukatar data, ba ya bukatar janareta? Wannan da ake rainawa. Biro da takarda da kai mai aiki, shi ke nan. Ɗan Gangara ba zai yi gogayya da ɗan Legas a saurin intanet ba, ba zai yi da ɗan Amurka a tsadar kwamfuta ba. Amma a gaban hujjar lissafi kayan aikinsu ɗaya ne. Fili guda da talaucinmu bai rage mana komai ba, shi ne kuma ake zuga yaranmu su fice daga cikinsa.

Ba za mu yi zalunci ba, masu kiran sikil suna da gaskiyarsu. Yunwa ba ta jiran hujjar lissafi. Akwai masu digirin kwamfuta da ba su taɓa rubuta kodin mai layi hamsin ba, kuma abin kunya ne. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 abu ne mai kyau, haka ma raba babbar diflomar kwamfuta gida huɗu da hukumar NBTE ta yi. Duk wanda ya samu dama ya shiga. Rigimarmu da masu cewa a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya ce. Suna yawan jingina da littafin Farfesa Isa Ali Pantami na 2022 a kan fifita ƙwarewa, mafi yawansu kuwa bangon littafin kawai suka gani. Sun manta shi kansa marubucin digirin kimiyyar kwamfuta ya yi a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi, ya wuce har digirin digirgir. Suna kawo Bill Gates wai ya bar jami'a ya yi kuɗi. Jami'ar da ya bari Harvard ce, kuma aikin da ya yi yana ɗalibi a kan wata matsalar jera abubuwa an wallafa shi a mujallar lissafi a 1979 tare da Christos Papadimitriou, ɗaya daga cikin manyan malaman wannan tiyorin. Larry Page da Sergey Brin da suka kafa Google a 1998 ɗaliban digirin digirgir ne a Stanford, kuma jarinsu na farko dabarar lissafi ce ta auna darajar shafuka.

Ga kuma abin da masu bidiyo ba sa faɗa. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, aikin da ya fara arha shi ne ƙaramin kodin, irin wanda ake koya cikin wata uku: haɗa shafi, zana fom, gyara launi. Na'ura na yin sa cikin daƙiƙoƙi. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ya duba abin da ta rubuta ya ce wannan daidai ne, wannan zai durƙushe in mutane sun yi yawa, wannan kuma abin da aka nema ba mai yiwuwa ba ne tun asali. Wa zai iya wannan hukunci in ba wanda ya san ƙa'ida ba? Muna tura yaranmu su yi layi a ƙofar da ake shirin rufewa.

Sai dai laifin ba na yara da masu bidiyo kaɗai ba ne. Wasu malaman su suka kashe kwas ɗin da hannunsu. Malami ya shigo, ya juya wa aji baya, ya kwafe handaut ɗin da ya gada daga nasa malamin, ya fita. Ba misali, ba tambaya, ba a taɓa cewa ga inda wannan ke aiki a wayarka ba. Ranar jarrabawa a ce kawo ma'anar kaza, yaro ya zuba hadda ya manta. Darasin da aka gina don koyar da tunani an mayar da shi tilawar abin da ba a fahimta ba, cikin Turancin da yaron da ya fito daga sakandaren ƙauye ke fama da shi tun asali. In ƙanenmu ya ce bai ga amfaninsa ba, wani ɓangare na gaskiya ya faɗa: ba a nuna masa ba.

Don haka ga kiranmu. Malamai, ku sa ɗalibai su gina abin da suke zanawa. Manhajar JFLAP kyauta ce, yaro zai zana na'urarsa ya ga tana aiki. Ku ba su aikin raba gaɓoɓin Hausa, ko na tantance lambar waya ta Najeriya, kafin ku kai su ga alamomin Girka. Jami'o'inmu, Usmanu Danfodiyo da ta Jihar Sakkwato da ta Tarayya da ke Gusau da sauransu, sabon tsarin karatu da hukumar NUC ta fitar a Disamban 2022 ya bar muku kashi 30 cikin 100 ku tsara da kanku, ku yi amfani da shi ku ƙarfafa ƙa'ida da misalan gida. Ɗalibai, lakcocin Farfesa Michael Sipser na jami'ar MIT suna nan kyauta a YouTube, ranar da kuka samu sabis ku sauke su ku ajiye, maimakon finafinai. Ku koyi sikil da rana, ku ci abinci da shi, amma kada ku shiga ajin otomata da niyyar neman makin tsira kawai.

Mu ma marubuta ba mu kuɓuta ba. Mun cika kasuwa da labaran soyayya da na kishiya, ba laifi, amma littafi nawa muka rubuta da Hausa da zai bayyana wa ɗan sakandare abin da algoridim yake? Kun ga dai a sama an bayyana hujjar Turing da Hausa, harshen bai karye ba. In ƙungiyoyinmu za su iya shirya gasar gajeren labari duk shekara, za su iya zama da malaman kwamfuta da na harshe a fitar da ƙaramin littafi mai shafi hamsin.

Baffa, ga amsarka: geronka bai yi asara ba, sai in yaron ya dawo da kwali ba tare da wannan karatun a kansa ba. Shi kuwa ƙanen namu zai maimaita kwas ɗin a zango mai zuwa. Kafin ya koma mun zauna da shi a ƙofar gida, muka share ƙasa, muka zana na'urar gaɓar Hausa da tsinke. Da'ira ta huɗu shi ya gyara mana ita, don mun manta da tagwan wasali.

Wanda ke da ja, ga fili nan a ƙasa, amma ya zo da hujja. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, Ya sa wa karatun yaranmu albarka. Sai wani makon in da rai.